Yadda Na Ciyar da Baba ta Roba

Ranar da za a sallami Baba daga asibiti, wata nas ta ja ni gefe ta miƙo mini sirinji mai kaurin rake. Ta ce daga yau ni ce zan riƙa ba shi abinci.

Sati uku ke nan yana kwance. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke, haɗiya ma ta gagara. Saboda haka suka zura masa wata siririyar roba ta hanci har cikin tumbi, suka manne ta da filasta a karan hancinsa. Ta nan kunu ke shiga, ta nan ruwa, ta nan magani bayan an niƙa shi.

Nas ɗin ta nuna mini wata baƙar alama a jikin robar, daidai ƙofar hanci. Ta ce kafin kowane ci in duba alamar tana wurinta. In zaunar da shi tsaye. In ja sirinjin baya kaɗan in ga ruwan ciki ya fito. In zuba a hankali.

"Idan robar nan ta zame ta koma hanyar numfashi kika zuba kunu, huhunsa kika zuba wa," in ji ta. "Kin gane, Malama?"

Na ce, "Sai me zai faru, Sista?"

Ta ce, "Ke dai kada ki bari ya faru."

Da wannan maganar na dawo gida.

Gidanmu yana Keffi, ni da Baba ne kawai a ciki. Mama ta riga mu gidan gaskiya da daɗewa, yayana kuma yana aiki a Abuja, sai waya. Ni malamar makaranta ce, na ɗauki hutu. Alli da jan biro na sani, ban taɓa riƙe ran mutum a hannuna ba.

Sau shida a rana nake ciyar da shi. Ina dama kunun gero ko na gyaɗa, wani lokaci in markaɗa wake da kifi in tace sau biyu, in gwada zafinsa a bayan hannuna. Sai in tsaya a gabansa da sirinji. In duba alama, in sake dubawa. In kira shi, "Baba, zan fara." Idan ya yi tari ko sau ɗaya ne, sai in dakatar da zubawar. In tsaya cak ina kallon leɓɓansa ko sun sauya launi. Bayan an gama kuma ba a gama ba, don sai in zauna kusa da shi ina sauraren numfashinsa kusan awa guda, ina jiran in ji wani ƙurƙur a ƙirjinsa.

Na daina cin abinci a gabansa. A kicin nake ci, a tsaye, da sauri, kamar wadda ta sato. Idan maƙwabta suna suyar albasa sai in rufe taga.

Baba mutumin wani ƙauye ne a bayan Garaku. Yana yaro aka kai shi makarantar da ake horar da masu son zama Fada, wato limamin cocin Katolika, ya yi shekaru a can, daga baya ya ga ba hanyarsa ba ce, ya fito ya kama koyarwa har ya yi ritaya. Abin da ya fito da shi daga can, wanda bai taɓa rabuwa da shi ba, shi ne harshen Latin. Ba wanda zai yi magana da shi a duk unguwarmu, sai ya mayar da ni ɗalibarsa tun ina firamare. Na koyi abin da na koya don in faranta masa, na girma na manta.

Da ciwon nan ya same shi, Hausa ta tafi, yarenmu na Mada ya tafi, Turanci ya tafi. Abin da ke fita bakinsa sautuka ne kawai, sai ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, ya gaji ya kau da kai.

Wata safiya a sati na biyu, na gama zuba masa kunu ina wanke robar da ruwa, sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, mai lafiyar. Ya ce wani abu. Na sunkuya. Ya sake faɗa. Abin da kunnena ya ji shi ne "fasto".

Mu 'yan Katolika ne, Fada muke cewa, amma na ɗauka harshensa ne ya kama abin da ya samu. Na ce a raina Baba ya ji a jikinsa tafiya ta zo, yana neman a zo a shafa masa mai, irin wanda ake shafa wa wanda ke bakin mutuwa. Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, na hau okada zuwa coci. Fada ya biyo ni da tsakar rana da 'yar jakarsa. Baba ya bar shi ya yi addu'a, ya yi alamar gicciye da hagu, amma da muka raka baƙon muka dawo, ya dube ni da wani irin haushi da na sani tun ina yarinya, irin na ranar da na kasa amsa tambaya mai sauƙi. Ya ɗaga hannu yana nuna kantar littattafansa.

Na riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai, har na kai ga tsohon ƙamus ɗinsa na Latin wanda bangonsa ya ɓalle aka ɗinke da zaren buhu. Na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana buɗe shafuka da yatsu biyu, yana wuce wurin yana komowa. Da ya samu sai ya danna farcensa a kan kalmar.

Pasco. A ƙasa kaɗan kuma, pascor.

Sai abin ya dawo mini gaba ɗaya. Ina 'yar shekara goma muna gonarsa ta hanyar Gitata, garken shanu yana wucewa ta burtali, ya tsayar da ni ya sa na haddace: pasco, pascere, pavi, pastum. Ya ce ma'anarsa ciyarwa, amma ba kowace ciyarwa ba. Idan uwa ce take shayar da ɗanta, wata kalma ce daban, nutrio. Idan kuma renon yaro ne har ya girma, alo ake cewa. Pasco na makiyayi ne da dabbobinsa, ya kai su inda ciyawa take. Ya ce daga nan aka samo pastor, wadda muka mayar fasto, asalinta makiyayi ne kawai. Ya ce idan ka yi amfani da ita a kan mutum, sau da yawa da raini a ciki, irin yadda ake ciyar da bayi.

Sannan ya ce in lura da pascor. Idan aka ƙara wannan harafin na r a ƙarshe, maganar tana juyawa ta zama ana ciyar da ni. Amma ita dai wannan kalmar ce saniya za ta faɗa da tana magana, lokacin da ta sunkuya tana cizgar ciyawa da bakinta. "Kamar kiwo ne a Hausa," in ji shi a ranar. "Makiyayi yana kiwo, shanu ma suna kiwo. Sai kin duba wa ke yi."

Na durƙusa a gaban kujerarsa.

"Baba, yunwa kake ji? In ƙara maka?"

Ya girgiza kai.

"Kana nufin ina ɗura maka kamar dabba?"

Bai girgiza ba, bai gyaɗa ba. Ido kawai ya zuba mini, na dama yana zubar da ruwa kamar yadda yake yi tun da ciwon ya zo.

"Ko so kake ka ci da bakinka?"

Ya bugi hannun kujera da tafinsa sau biyu.

Na ce, "Ba zai yiwu ba, Baba. Likita ya hana. Za ka ƙware." Na ɗauke ƙamus ɗin na mayar. Muryata ta fita da kaushi, don tsoro ne ke magana ba ni ba.

Bayan kwana uku ya fizge robar. Na shiga da kwanon kunu na tarar da ita a kan ƙirjinsa, doguwa, da ɗan jini a bakinta. Na ɗauko keke napep muka koma asibiti. Na tsaya ina riƙe da kansa aka sake zura wata, yana kakari, hawaye suna bin kunnensa. Da na kira yayana na gaya masa, ya ce, "Ki ɗaure hannun. Haka ake yi. Gara ya ji haushinki yana raye."

Na ɗaure. Da wani tsohon ɗankwalin Mama na ɗaure hannun hagun Baba a jikin kujera, na sa tsumma a ƙarƙashi don kada ya ci masa fata. Bai yi gardama ba. Bai kuma sake kallona ba idan ina ciyar da shi, sai ya kafa wa bango ido. Kalmar ma ya daina faɗa.

Akwai wata Bafulatana mai tallan nono da muke kira Goggo. Rugarsu tana wajen Gitata, kuma fiye da shekara ashirin duk ranar da ta shigo gari sai ta biyo ta gidanmu ta sauke ƙwaryarta ta sha ruwa. Ƙawar Mama ce, bayan rasuwar Mama ma ba ta daina ba. Baba kan tsokane ta ya ce ta gaishe masa da fasto, yana nufin mijinta, ita kuma ta ce Allah ya shirye ka, Malam. Tun da ya kwanta ba ta zo ba, sun tafi da shanu wani wuri. Ranar da ta dawo, wata Talata ce da azahar.

Ta yi sallama ta shigo falo, ta ga robar, ta ga ɗankwalin. Ta zauna a tabarma kusa da ƙafarsa ta gaishe shi, ya motsa leɓe. Na kawo mata dafaffiyar doya da manja, don daga nesa take, na ajiye a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu.

"'Yar Malam," in ji ta, "wa ya ɗaure shi?"

"Ni ce, Goggo. Yana cire robar."

"Kwance shi. Ina zaune, ba zai cire ba. Ba zan iya cin abinci Malam yana ɗaure a kaina ba."

Na kwance. Na tafi kicin ɗebo mata ruwa. Randar ta yi ƙasa, sai da na karkata ta. Ban fi minti biyu ba.

Abin da na fara ji shi ne ƙarar faranti a ƙasa. Na fito da gudu. Goggo ta juya ne tana gyara faifan ƙwaryarta, shi kuma ya miƙa hannu ya ɗauki yankin doya ya tura a baki. Yanzu ga shi a kujera, idanunsa sun fito, bakinsa a buɗe, hannunsa yana yaƙushin wuyansa. Babu tari. Babu sauti ko kaɗan. Duk tsawon makonnin nan tari nake tsoro, ban san shirun ya fi shi muni ba.

Kofin ya faɗi daga hannuna. Na san ina ihu ina kiran Yesu, na san na kama fuskarsa ina ƙoƙarin sa yatsa a bakinsa. Goggo ta ture ni da kafaɗa har na bugi bango. Tsohuwa ce siririya, ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta jawo shi gaba, ta tare ƙirjinsa da hannu ɗaya har kansa ya sunkuya ƙasa da kafaɗunsa, ta dunƙule gindin tafinta ta buga tsakanin kafaɗunsa. Sau ɗaya. Sau biyu. Leɓɓansa sun fara yin toka-toka. Tana bugu tana faɗin wani abu da Fulatanci. A na huɗu ko na biyar, doyar ta faɗo kan tabarma, ja da manja, ko taunawa bai yi ba.

Ya ja numfashi da wata ƙara kamar ana jan ƙofar langa-langa. Sannan tari ya zo, ya yi ta yi, yawu yana zuba a rigarsa.

Na zauna a ƙasa. Da bakina ya buɗe, ba godiya ce ta fito ba.

"Kin ga abin da kika jawo? Da ya mutu fa? Ke kika ce in kwance shi! Ki tashi ki bar gidan nan!"

Goggo ta goge hannunta a zane. Ta ɗora gammo, ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Laifina ne, na ɗauke ido. Amma Malam yana son ci, 'yar Malam. Ki gaya wa likita haka." Ta fita.

A ranar na mayar da shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa gaba da baya, ya duba robar, ya ce in sa ido kwana uku, idan zazzaɓi ya zo ko numfashi ya sauya in dawo da gudu. Kwana ukun nan ban san yadda na yi su ba. Ina taɓa goshinsa har ya fara kau da kai idan ya ga hannuna. Zazzaɓi bai zo ba.

Da muka koma, na daure na faɗa wa likitan abin da Goggo ta ce, ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ce mutumin da ya kai hannu ga abinci, lokaci ya yi da za a gwada shi. Ya sa aka kawo kunu mai kauri, ya ɗora yatsunsa a maƙogwaron Baba, ya ba shi rabin ƙaramin cokali. Muka jira. Maƙogwaron ya hau, ya sauka. Likita ya ce masa ya ce "aa". Muryar ta fito a bushe, ba ruwa a cikinta.

Ya bayyana mini cewa ruwa ne ya fi haɗari don yana gudu, abu mai tauri kuma yana toshewa. Abin da ake so shi ne mai kauri mai santsi, kamar kindirmo. Cokali uku sau biyu a rana, a zaune tsaye, haɓa a sunkuye. Sauran abinci ta roba har sai an ga hali.

Na dawo gida da izini, amma na kasa. Kwana biyu ina ɗebo kunu a cokali in kai kusa da bakinsa in dawo da shi. Da zarar ya buɗe baki sai in ga idanun nan da suka fito. Shi kuma yana jira da bakinsa a buɗe, har ya gaji ya rufe.

A rana ta uku na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da shi, na tafi inda masu nono ke zama kusa da tasha. Goggo tana can a ƙarshen layi tana dama wa wani direba fura. Na tsaya har ya tafi. Na durƙusa a gabanta cikin mutane.

"Goggo, ki yafe mini."

"Tashi, ana kallonki. Yaya Malam?"

Na gaya mata abin da likita ya ce, na gaya mata kuma na kasa. Ta rufe ƙwaryar furar, ta ce wa ta kusa da ita ta duba mata kaya. Ta ɗauki wata ƙaramar ƙwarya ta kindirmo wadda ta ce jiya ta dafa madarar da hannunta, muka taho.

Na ɗauka ita za ta ba shi. Ta ƙi. Ta ce gobe ba ta nan, jibi ba ta nan. Ta zauna a gefensa na dama, ta tallafi bayansa, ta kama hannuna na hagu ta ɗora yatsuna a maƙogwaronsa ta danne da nata.

"Haka nake yi wa ɗan maraƙin da ya zo ba ƙarfi," in ji ta. "Kada ki kalli idonsa, zai tsorata ki. Nan za ki saurara, da yatsa. Malam, ka yi haƙuri, ba da maraƙi nake haɗa ka ba."

Gefen bakin Baba mai lafiya ya ɗan motsa.

Na ɗebo rabin cokali. Na kai masa baki, cokalin ya bugi haƙorinsa. Ya rufe baki. Na ji kindirmon yana zagaye a ciki, na ji ba abin da ke motsi a ƙarƙashin yatsuna, na fara cewa a raina shi ke nan, na kashe shi. Sai ƙashin maƙogwaron ya hau, ya ture yatsuna, ya koma.

"Ka ce aa, Baba."

Ya ce aa.

Muka yi na biyu, muka yi na uku. Da na ajiye cokalin ya miƙo hannu yana neman na huɗu, na ce likita uku ya ce. Ya bugi hannun kujera. Goggo ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa na shiga kicin na yi kuka a kan randa.

Sai da aka ƙara sati bakwai kafin a cire robar gaba ɗaya. A tsakanin ya ƙware sau biyu, ƙanana, kowanne sai da ya mayar da ni baya kwana guda. Ban sake ɗaure hannunsa ba. Daga baya ya koyi riƙe cokali da hagu, yana zubar da rabi a tawul ɗin da nake ɗaura masa, kuma ba ya yarda a taimaka. Hausarsa ta dawo kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, kalma biyu, ba ta taɓa cika ba. Ruwa zalla bai sake sha ba sai an kaurara shi da ɗan kamu.

Ya ƙara shekara uku da wani abu a duniya. A duk tsawon lokacin ban taɓa barinsa shi kaɗai da faranti ba. Nakan jawo kujera in zauna gefensa da littattafan ɗalibaina ina duba aikinsu, jan biro a hannu, kunnena yana wurinsa har ya ajiye cokali.